Kurtun da ke Cikin Kwalba

Talata, 3 ga wata, ƙarfe bakwai da kwata na safe

An haihu! Namiji ne, kuma ya yi kuka da kansa tun kafin a taɓa shi. Na zama kaka yau da asuba, ina da shekara sittin da takwas.

To, salamu alaikum. Malamin ajinmu na yamma ya ce mai rubuta littafin kullum ya fara da rana da lokaci da gaisuwa, sannan labari. Na saɓa tsari, a yafe mini.

Matar Auta ce ta sauka. Auta ɗanmu ne, shi kaɗai Allah ya bar mana. Yaron ya zo da wuri, saura wata biyu, saboda haka an sa shi a kwalba. Kilo ɗaya da rabi. Na shiga kicin na ɗaga ledar shinkafa don in ji nauyin a hannuna. Bindigar da na riƙe shekara talatin ta ninka shi sau uku. An ce ba za a sallame shi ba sai ya kai kilo biyu. Na sa masa suna Kurtu, tunda yau ya shiga layi.

Wayar matata Tsohuwa aka kira, ba tawa ba. Ta haɗa fulas da bargo da zannuwa tana dariya, tana cewa ta yi sabon miji, ni na zama tsohon kaya. Na sa takalmi na tsaya a bakin ɗaki. Ta dubi takalmin, ta dube ni.

"Ka zauna tukuna, Saje. Za a kira ka."

Na cire takalmin. Shekara biyu da wata huɗu rabon da mu yi magana da Auta. Ba zan rubuta dalili ba yau, ranar farin ciki ce.

Talata, ƙarfe biyar na yamma

Na gaya wa layinmu duka, har da mai kwasar shara. Kofur mai gyaran takalmi, wanda muka yi soja tare, ya ajiye guduma ya sara mini. Ya tambaya yaron kama da wa. Na ce an ce da ni. Ba wanda ya ce haka.

Ba a kira ba.

Laraba, 4 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Na dafa abinci da kaina. Takardar likita tana manne a jikin firji tun mako uku da suka wuce, lokacin da aka gano suga da hawan jini: ban da sukari, ban da farin burodi, ban da soyayyen abu, gishiri ɗan kaɗan. Kilo ɗari da huɗu nake, ya ce in sauke goma. Yau kabeji da kifi dafaffe. Na ci a tsaye, don ban ga amfanin jawo kujera ba.

Ra'ayina game da rage ƙiba shi ne wannan. A bariki ban taɓa ganin wanda aka rubuta wa takardar abinci ba. Abin da ya faɗo a kwanonka shi za ka ci, cikin minti biyar, kuma kafin rana ta faɗi fareti ya ƙone shi. Shekara goma sha tara ina koyar da fareti. Yara suna zuwa mini da kumatu, su fita wuyansu kamar na zakara. Ƙiba ta zo mini ne ranar da aka ba ni kujera da ritaya. Da za a ba ni fili da kurata talatin in yi musu tsawa, likitan nan da kansa zai yaga takardarsa.

Amma oda ce, kuma ni ba na gardama da oda.

Alhamis, 5 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Tsohuwa ta bugo, minti biyu. Nauyin Kurtu ya sauka kaɗan, nas ta ce haka suke yi da farko. Ana ba shi nonon uwarsa ta wani siririn tiyo a hanci. Na ji muryar namiji a bayanta yana tambayar inda aka ajiye katin. Muryar ta ƙara kauri.

Ba a kira ba.

Asabar, 7 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Likita ya ce in riƙa tafiyar minti arba'in kullum. Daga ƙofata zuwa kemis ɗin da ke kallon asibiti minti ashirin ne, dawowa ashirin. A kemis ɗin akwai sikeli, shi ya kai ni. Ba wurinsu na je ba.

Ɗari da uku da rabi.

Ina saukowa daga sikelin na ga Auta. Ya kafe babur, ya sauko da fulas a hannu. Yanzu gyaran janareto yake yi, hannayensa baƙi ƙirin har wuyan hannu. Ya rame. Ya gan ni. Ya tako har ya rage kamar taku goma tsakaninmu, ya ajiye fulas ɗin a ƙasa, ya haɗa ƙafafu, ya saki hannu a gefe, ya ɗaga haɓa yana kallon saman kaina. Bai ce komai ba. Ni ma ban ce ba, don ba babba ke fara gaida yaro ba. Na ƙirga har talatin a zuciyata. Wata bas ta tsaya tsakaninmu tana sauke mutane. Da ta tashi, ya ɗauki fulas ɗinsa ya shige.

Yaron da ba zai iya ce wa ubansa ina kwana ba, sai dai ya ƙame yana yi mini izgili da tsayuwar soja, aikin da ya jefar.

Lahadi, 8 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Gidan nan yana da ɗaki uku, ban taɓa lura da yawansu ba sai yanzu. Na share duka, har wanda ba a kwana a ciki. Agogon falo yana da ƙara, ashe muryar Tsohuwa ce ke rufe shi.

Na buɗe akwatin ƙarfe na fito da kakina. Na yanke shawara da shi zan je ranar da aka kira ni, da lambobin yabona uku, don Kurtu ya san gidan da ya fito. Na gwada. Maɓalli uku na tsakiya ba su ga ramukansu ba ko daga nesa. Na rataye shi a bayan ƙofa inda zan riƙa ganinsa kafin in buɗe firji.

Litinin, 9 ga wata, ƙarfe shida da rabi na yamma

Na je aji. Mu goma sha ɗaya ne, ni ne babba. Na fara ina da shekara sittin da ɗaya, don na gaji da dangwala yatsa a takarda ina wa magatakarda murmushi. Yau Malam ya ba mu jimla mu rubuta a kan iyali. Na rubuta, Jikana yana da lafiya. Ya sa mini maki, ya ce in kawo hoto a gani. Na ce wayata ba ta ɗaukar hoto da kyau.

Laraba, 11 ga wata, ƙarfe takwas na safe

A rediyo wani ya faɗi kishin ƙasa sau goma sha huɗu kafin shayina ya huce. Shayi ba sukari, ina da lokacin ƙirgawa. Daga muryarsa na san bai taɓa kwana da takalmi a ƙafa ba.

Mutane suna zaton soja harbi ne. Soja jira ne. Ka jira mota, ka jira abinci, ka jira wasiƙa, ka jira a ce maka tashi. Na taɓa yin kwana tara a bakin wata rijiya ina gadi, mu huɗu, ba wanda ya gaya mana abin da ya sa. Kofur ya rasa kunne ɗaya a wurin, na goya shi har bakin titi. Ba wanda ya yi mana jawabi. Kishin ƙasa a wurina shi ne a ce ka tsaya, ka tsaya, ko ka gane ko ba ka gane ba, don na gefenka ya dogara da tsayuwarka.

Haka na faɗa wa Auta a ranar nan, a bakin ƙofa, da ƙarin wasu kalmomi. Shekararsa shida a soja, ni na kai shi da hannuna. Ya dawo da jaka ɗaya, babu kaki, bayan abin da ya faru a wata gada. Ya ce an ba shi odar da ba zai iya cikawa ba. Maƙwabta suna waje, Kofur ma yana nan.

Shayin ya huce.

Alhamis, 12 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Zazzaɓi. Kilo ɗaya da giram ɗari uku. Tsohuwa tana magana ƙasa-ƙasa, ta ce in yi addu'a, ta kashe.

Alhamis, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Ba a kira ba.

Juma'a, 13 ga wata, ƙarfe tara na safe

An ƙara masa jini. Na uban aka ɗiba. Na ce wa Tsohuwa nawa yana nan idan ana so, ta ce wa zai sa wa jariri jinin da rabinsa sukari ne. Ta yi ƙoƙarin dariya, ba ta fito ba.

Na sa takalmi. Na zauna da shi a ƙafa har azahar. An ce in zauna za a kira ni, kuma wanda ya bar inda aka ajiye shi don zuciyarsa ta ce ya tafi, na san sunan da nake kiransa da shi. Na kira wani da sunan.

Juma'a, ƙarfe huɗu na yamma

Rahoto na gaskiya: na sayi farin burodi babba, na haɗa shayi da cokali huɗu na sukari, na cinye duka a tsaye a kicin. Ban ji daɗinsa ba.

Asabar, 14 ga wata

Ba a kira ba.

Lahadi, 15 ga wata, ƙarfe uku na rana

Ban ci komai ba tun jiya, ba don takardar likita ba. Kofur ya shigo bai yi sallama ba, ya buɗe tukunya, ya ce wannan kabejin ko fursuna aka ba wa zai kai ƙara. Ya dafa ƙwai biyu ya tsaya a kaina har na ci. Ya ce tumbina ya fara ja da baya ba tare da oda ba, a kai shi gadurum, kurkukun bariki. Daga nan ya kama juya hularsa. Ya fara cewa wani abu game da Auta. Na tuna masa na hana wannan magana a gidan nan. Ya ce ai kunnen da ya ji hanin shi ne wanda ya mutu. Duk da haka bai ƙarasa ba.

Talata, 17 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Zazzaɓi ya sauka. Kilo ɗaya da ɗari huɗu. Alhamdulillahi. Na yi maci daga falo zuwa kicin sau uku, ni kaɗai, da silifas.

Alhamis, 19 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Tsohuwa ta zo wanki. Kwana goma sha shida rabona da ita. Idanunta sun faɗa. Ta zagaya ɗakuna, ta ce ashe na iya shara duk shekarun nan na ɓoye. Ta ga kakin a bayan ƙofa ta wuce. Ta ba ni labarin sabon mijinta: hular ulu ake sa masa, yana riƙe yatsa, idan nas ta taɓa ƙafarsa sai ya tsuke fuska kamar wani da ta sani.

Ina miƙa mata ruwa a bokiti na ce har yanzu ban ji kira ba. Na ce ban san laifin da na yi wa jariri ba da za a hana ni ganinsa. Ta bar wankin, ta share hannu a zani.

"Saje, maimaita mini abin da ka ce masa a bakin ƙofa. Kalma bayan kalma, na san ba ka manta ba."

Ban manta ba. Na ce: daga yau kada ka taka ƙofar nan, kada ka buɗe baki ka yi mini magana, sai ranar da na kira ka.

"Ka kira shi?"

"Ke kika ce za a kira ni."

"Na faɗa ne don kada ku yi mini abin kunya gaban surukai a ranar. Shi da wane baki zai kira ka? Kullum da safe sai ya tambaye ni, Baba ya ce wani abu? Wa ya koya masa oda tana nan daram sai wanda ya bayar ya janye?"

Ta ce shekara biyu tana son faɗin wannan, ni na hana a ɗaga maganar, kuma ta gaji da zama masinja tsakanin sojoji biyu. Ta shanya kayanta, ta kwashe waɗanda suka bushe, ta koma.

Juma'a, 20 ga wata, ƙarfe shida na safe

Auta yana da shekara bakwai, a bariki, ya fasa gilashin fitila. Na ce ya tsaya jikin bango sai na dawo. Aka kira ni fili, na manta. Awa uku. Uwarsa ta yi ta lallashinsa ya zauna, ya ƙi. Na dawo na tarar yana gyangyaɗi a tsaye. Na yi shekaru ina ba da wannan labari a gaban mutane ina alfahari.

Ashe tsayuwar da ya yi a gaban kemis jira yake. Na ƙirga talatin, shi ma ƙila ya ƙirga.

Yaron da ya ƙi odar hafsa yana riƙe da tawa shekara biyu da wata huɗu. Ban san inda zan ajiye wannan ba. Kuma ban taɓa tambayarsa wace oda ce suka ba shi ba.

Asabar, 21 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Abin da aka yi bisa tsari, bisa tsari za a warware shi. Na sayi farar takarda da ambulan. Na yaga huɗu kafin ta fito ba gogewa. Ga abin da na rubuta:

Zuwa ga Auta. Odar da aka bayar a bakin ƙofa an janye ta daga yau Asabar. Kana iya shigowa, kana iya magana. Daga Saje mai ritaya.

Na sa lambata ta soja a ƙasa, na sa hannu. Wannan ce wasiƙa ta farko da na rubuta da hannuna tun da aka haife ni. Bai ma san na kai haka a karatu ba. Kofur zai kai gobe.

Lahadi, 22 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

Kofur ya dawo. Ya zauna ya nemi ruwa, ya sha a hankali kamar ba ni ke jira ba. Ya ce ya same shi a benci a baranda. Ya karanta sau biyu, ya tambaya wa ya rubuta. Da ya ji ni ne, ya daɗe yana kallon rubutun. Ya ninke ya sa a aljihun gaba. Na ce sai me.

"Ya ce in gaya maka ya gani, ya gode. Ya ce amma takardar soja ce, shi kuwa ya bar soja."

Na ce wa Kofur ya tafi.

Litinin, 23 ga wata

Ban je aji ba. Na yi nawa. Ba zan je ba.

Laraba, 25 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Kilo ɗaya da ɗari bakwai, in ji Tsohuwa. Yana tafiya da kyau. Ni ɗari da biyu. Maɓalli ɗaya ya shiga, saura biyu. Na tsaya gaban madubi da rigar a buɗe, lambobi suna lilo. Na yi tunanin yaron da ke cikin kwalba, wanda bai san tuta ba, bai san saje ba, aikinsa kawai ya ja numfashi ya sake ja. Na cire rigar.

Alhamis, 26 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na karanta kwafin wasiƙar da ke cikin littafin nan. Babu kalmar ɗana a ciki. Babu Babanka. Akwai lamba mai harufa takwas.

Juma'a, 27 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Na je. Zan rubuta a jere kada in tsallake wani abu.

Na sa farar rigata ta zaman gida da hula. Na wuce kemis ban hau sikeli ba. Mai gadin asibiti ya nuna mini bene na biyu, ƙofa ta ƙarshe. Matakala ashirin da huɗu, na huta sau ɗaya. Baranda doguwa ce, tana warin maganin wanke ƙasa, da benci a jikin bango da takalma jere a ƙofar ɗakin jarirai. Wata nas gajeriya ta tare ni ta tambayi wa nake nema. Na ba ta amsa. Ta dafe kunne ta ce, "Baba, nan ba filin ƙwallo ba ne, akwai masu barci." Na ba ta haƙuri. Murya biyu gare ni, ta fareti da shiru, ban taɓa neman ta tsakiya ba.

Auta yana can ƙarshen benci da kofi a hannu. Ya ji muryata tun kafin ya gan ni. Ya ajiye kofin, ya miƙe, ya haɗa ƙafafu. Tsohuwa tana gefe, ta sunkuyar da kai tana ninke zanin da yake a ninke.

Na tsaya a taku goma na kira shi a hankali. Bai ji ba, ni ma da kyar na ji. Na sake, fanka ta cinye muryar. Nas tana kallona. Sai na taka goman da ƙafata. Da na isa, duk abin da na shirya a hanya ya gudu. Na ga wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Auta, ka ci abinci?"

"Ban ci ba, Baba."

"Zauna, ɗana. Saki jikinka."

Ya zauna, na zauna. Kafaɗarsa tana rawa, na yi kamar ban gani ba, na kalli takalman da ke ƙofa. Bayan wani lokaci na ce masa ban tambaye shi ba a ranar nan, yanzu ina tambaya: wace oda ce? Ya ce ba yau ba. Na ce duk ranar da ya ga dama, ko bayan shekara ne, ina gida.

Shi ya nuna mini yadda ake wanke hannu har gwiwar hannu, ya ɗaure mini takunkumi a fuska, ya ce in cire agogo. Na bi duk abin da ya ce. Surukata tana ciki a kujera, ta yunƙura za ta durƙusa na hana ta. Na ce mata sannu da aiki, Allah ya yi mata albarka. Ban taɓa ce mata fiye da haka ba.

Kwalba ta uku daga taga. Yana kwance rub da ciki, gwiwoyi a naɗe, hular ulu ta rufe masa gira. Tafin ƙafarsa bai kai babban yatsana ba. Bayansa yana hawa yana sauka da sauri. Nas ta buɗe wata 'yar taga a jikin kwalbar ta ce in sa hannu amma kada in shafa, in ɗora kawai. Na ɗora. Ɗumi gare shi kamar burodin da aka fito da shi yanzu. An ba ni minti biyar, na yi biyar daidai. Ba ya kama da ni ko kaɗan, uwarsa ce sak.

Asabar, 28 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Na kai musu abinci, kabeji da kifi. Auta ya ci cokali uku don kunya. Mun zauna awa ɗaya a benci, maganarmu ba ta wuce ta taya da man babur ba. Ba mu iya hira ba tukuna. Na dawo gida, agogo yana ta ƙararsa.

Laraba, 2 ga sabon wata, ƙarfe shida na yamma

An cire tiyon hanci, yana kama nono da kansa. Kilo ɗaya da ɗari tara. Likitana kuma bai gamsu da ni ba, ya ce kilo uku cikin mako bakwai wasa ne. Na ce masa a gidanmu yanzu hawa ake nema, ya bar ni in ji da ɗaya tukuna.

Litinin, 7 ga wata, ƙarfe goma na safe

Kilo biyu da giram hamsin. An sallame shi jiya da la'asar, kuma nan aka kawo shi, don ɗakin Auta yana saman shagon janareto, hayaƙi ba zai bar yaron ba. Uwar da jaririn da Tsohuwa suna ɗakin da ke kallon rana. Auta ya shigo da jaka biyu, ya tura ƙofar gida da kafaɗa, ya ce ƙofar nan tana son mai. Yanzu haka yana waje yana zuba mata. Har yanzu bai gaya mini odar da aka ba shi ba, ni kuma ban sake tambaya ba.

Gidan ya cika da tsummoki a igiya da tafasasshen ruwa. An kore ni daga falo sau biyu saboda murya. An ba ni shi na riƙe minti goma a zaune, da matashi a ƙarƙashin hannu, ya yi mini fitsari a riga.

Malam ya ce in zaɓi shafi ɗaya in karanta wa aji yau da yamma. Wannan zan karanta, sauran nawa ne. Saboda haka ku saurara, ku 'yan aji, da Malam, da Kofur idan an juyo masa da kunnen kirki, da mutanen layinmu, da mai kemis. Gida na huɗu bayan famfo. Daga ƙarfe huɗu zuwa biyar da rabi, mutum biyu-biyu. Akwai ruwa da sabulu a bakin ɗaki, a wanke har gwiwar hannu. Mai tari ya tsaya a taga, na goge gilashin. Ba a ɗauka, ba a sumbata, ba a ɗaga murya, ni ma an hana ni. Ku zo ku ga jikana.